Zulu ko Sudan: da wanne za ka fara tara sojojin tebur?

Ɗan'uwa, ka ce kuɗin akwati huɗu kake da shi na ƙananan sojojin nan da ake yi wa fenti a jera a tebur, a buga yaƙi da ƙwayar ludo da tef ɗin awo, kuma zuciyarka ta rabu tsakanin yaƙin Zulu na 1879 da yaƙin Mahdi na Sudan. Na tara duka biyun, kowanne ya ci mini kuɗi da barci. Tun da wuri ka sani ɓangaren Sudan nake, sai ka auna maganata da wannan.

Mu fara da lissafi, don nan ne sabon shiga ke yaudarar kansa. Mafi sauƙin dokokin wasa a wannan fanni su ne na The Men Who Would Be Kings, wanda Daniel Mersey ya rubuta, kamfanin littattafai na Osprey ya buga a 2016. A can kowane ɗan wasa yana da maki 24 da zai kashe. Rukunin sojan Ingila mutum 12 ne, maki 6. Rukunin masu mashi mutum 16 ne, maki 3. Ka ga Bature ya gama da mutum 48, mai riƙe da Zulu ko Ansar, wato mabiyan Mahdi, kuwa sai ya yi wa 128 fenti. Saboda haka kada ka tambayi kanka wace jar riga ce ta fi burge ka. Ka tambayi kanka wane mutum za ka iya zama ka shafa wa fenti sau ɗari da ashirin da takwas ba ka jefar da buroshi ba.

Ta wannan fuskar Zulu ya fi sauri, ba gardama. Jiki ne tsirara, sai ɗan bante na fata da gashin jelar saniya a hannu da ƙafa. Ka fesa launin ƙasa mai duhu a matsayin shimfiɗa, ka bi da ruwan fenti mai shiga lungu, ka ɗan haska kafaɗa da ƙirji da gwiwa, mutum ya fito. A dare ɗaya, in wuta ba ta yi halinta ba, kana iya sauke goma sha shida. Duk kwalliyar tana kan garkuwa. Ta fatar saniya ce, kuma launinta na faɗin ko su wane ne: rundunonin dattawa masu aure, waɗanda ke da zoben nan a ka, sun fi riƙe farare, samari marasa aure kuma baƙaƙe ko masu duhu. Ka ɗauki buroshi mai tsini ka ɗiga dabbare-dabbaren kamar yadda kake gani a jikin saniya a kara, sannan ka ja gajerun layukan nan biyu da ke gangarowa ta tsakiya. Garkuwa ta farko daɗi. Ta tamanin, wallahi sai ka ji kamar tsince tsakuwa a buhun shinkafa.

Ansar ba sa ba ka wannan saurin, amma ba sa gundura. Akwatin roba na Perry Miniatures, kamfanin tagwayen nan Alan da Michael Perry na Nottingham, mutum 40 ne a ciki, na shekarun 1881 zuwa 1885, da kawuna iri-iri: 'yan ƙabilar Beja masu tulin gashi irin mutanen Usman Digna, kwamandan Mahdi na wajen Suwakin, da masu aski, da masu hula. Ga zagayayyiyar garkuwa, ga mashi mai faɗin baki, ga miƙaƙƙen takobi da duk wanda ya taɓa kallon hawan salla zai ce ya san shi. Wahalar ita ce fari. Farin kaya a jikin mutumin da bai fi gaɓar yatsa ba, in ka zuba masa farin fenti zalla, sai ya fito kamar alli. Ni nakan fara da launin ƙasa-ƙasa, in hau da ruwan madara, farin gaske kuma sai a kan tudun ninkin tufa kawai. Daga baya, zamanin Halifa Abdullahi, magajin Mahdi, jibba ta zama kamar kakin soja, da facin shuɗi da ja da baƙi an jera su da tsari. Nan ne aikin ke zama wasa, kowane mutum da irin facinsa, ba biyu da suka yi kama.

Wajen Turawa abin ya juya. Na Zulu sun fi ɗaukar ido: jar riga, wando shuɗi mai duhu, farin ɗamara, da hular kwano da sojojin ke rinawa da shayi don kada ta yi ƙyalli. Sai dai ja da fari kusa da juna ba sa yafe rawar hannu. Na Sudan toka-toka ne da kaki, mai sauƙi, kana iya gama akwatin Perry mai mutum 36 cikin sati biyu. In ja ne ya shiga ranka, a yaƙin Ginnis na Sudan ranar 30 ga Disamba 1885 sun fita fage sanye da jar riga, ka sami hujja.

Inda Sudan ta yi wa Zulu nisa shi ne bayan an gama fenti, an zo wasa. Yaƙin Zulu wata shida ne kacal. Isandlwana ranar 22 ga Janairu 1879, inda rundunar Sarki Cetshwayo ta kusan mutum 20,000 ta share sansanin Lord Chelmsford, kwamandan Ingila, aka kashe masa fiye da mutum 1,300. A daren nan kuma Rorke's Drift, mutum wajen 150 bayan buhunan masara da akwatunan biskit suka tare dubu uku zuwa huɗu. Sai Kambula a Maris, sai Ulundi ranar 4 ga Yuli, shi ke nan. Labarai ne masu tayar da tsikar jiki, amma a tebur kusan wasa ɗaya ne ake maimaitawa: Zulu su buɗe sahu dama da hagu kamar ƙahonnin ɓauna su rugo, mai bindigar Martini-Henry ya yi ta harbi yana addu'a kada su iso. Zulu ba su da dawaki, ba su da igwa. In ka buga sau goma, ka ga abin da ke ciki.

Sudan kuwa shekara goma sha takwas ce, daga 1881 da Muhammad Ahmad ya yi shelar shi ne Mahdi a tsibirin Aba zuwa 1899 da aka kashe Halifa. Akwai sojojin Masar masu farin kaya da jar dara waɗanda aka hallaka tare da kwamandansu Bature, Hicks Pasha, a Shaikan a 1883. Akwai rundunar raƙuma da ta ratsa hamada don ceto Janar Gordon na Ingila da aka yi wa ƙawanya a Khartum, ba ta kai ba, Khartum ta faɗi ranar 26 ga Janairu 1885. Akwai jiragen hayaƙi a kogin Nilu, da sojan ruwa masu jan bindigar Gardner, da Indiyawa a Suwakin. Su ma Ansar ba mashi kaɗai ba ne: suna da mahayan Larabawan Baggara, da raƙuma, da 'yan bindigar Jihadiyya masu Remington, da igwar da suka ƙwace. A Tamai a 1884 da Abu Klea a 1885 sun kutsa har cikin sahun Turawa mai kusurwa huɗu, abin da ake ganin ba ya yiwuwa. Wannan shi ne wasan da kowa zai zauna yana sa ran ci. Omdurman ta 1898 dai ka bar ta a littafi. Ansar fiye da dubu goma suka kwanta, ɓangaren Kitchener, kwamandan Ingila, bai rasa hamsin ba. Ba wanda zai so ya kwashe wata uku yana fenti don a tsince masa mutane kafin su kai tsakiyar tebur.

Akwai kuma abin da Zulu ba zai taɓa ba ka ba. Sojojin Sudan suna iya biyo ka gida. Mahayin Baggara mai sulke da kwalkwali, dokinsa sanye da lifidi, in ka ƙara masa rawani da amawali da ɗan ƙullin gam mai daskarewa, ya zama barden Kano ko Sakkwato na 1903. Sojan Masar mai jar dara, ka mayar da kayansa kaki, ya yi kusa da dakarun da Lugard ya kafa a 1897. Masu jibba da bindiga kuma su tsaya a matsayin mutanen Rabeh na Dikwa, wanda Faransawa suka kashe a Kusiri a 1900. Tarihin ma a haɗe yake: bayan Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira har bakin Shuɗin Nilu, garin Mai Wurno yana nan kusa da Sennar. Ni dai ban taɓa iya buga Burmi ba. Na jera su sau ɗaya, na tsaya ina kallo, na mayar da su akwati.

Abu ɗaya ka sani kafin ka zaɓi Sudan: tutocin Ansar ɗauke suke da sunayen Allah da kalmar shahada. Masu sayarwa suna buga su a takarda yadda suke. Abin da zai faɗi ƙasa, yara su taka, ni ban yarda in sa masa wannan rubutu ba. Nakan yi tutar da launinta da zanen gefenta, tsakiya in ja 'yan layuka da daga nesa suke kama da rubutu amma ba sa karantuwa. Batun ajiye mutum-mutumi a gida kuma, wannan tsakaninka da malaminka ne, ka tambaya kafin ka kashe kuɗi.

Girma: ka tsaya a sojoji masu tsayin milimita 28 na roba. Milimita 15 na ƙarfe, irin na kamfanin Peter Pig, sun fi cin ƙaramin wuri kuma taro ya fi kyau da su, amma ƙarfe nauyi ne da shi, kuɗin aikowa zai cinye ragin farashinsu. Roba gam ɗin roba take so, ƙarfe sai sufa gulu.

Ka kuma ce ko ka sayi waɗanda aka riga aka yi wa fenti. Na taɓa yi, Zulu sittin na ƙarfe daga hannun wani a Ingila. A hoto kamar su yi magana. Da kwalin ya iso, ina girgiza shi na ji ƙara kamar gwangwanin ƙusa. An zuba su ne a sake cikin audugar roba, masu sun lanƙwashe, garkuwa ashirin da wani abu sun ɓalle, fentin gwiwa da hanci ya goge har ƙarfe na leƙowa. Launin fatar da mai su ya haɗa kuma na kasa samo irinsa, duk wanda na gyara sai ya fita daban a sahu. In dole sai ka saya, sayi hafsoshi da igwa da raƙuma, abin da ba shi da yawa, ka ce a naɗe kowanne shi kaɗai. Taron masu mashi ka yi abinka.

Da akwatunanka huɗu, ga yadda zan raba: uku na Ansar, mutum 120, ɗaya na Ingila, rukuni uku cif. Maki 18 ke nan a ɓangaren Bature, a ɓangaren Ansar kuma rukuni shida sun ishe ka tare su, da ragowar da za ka mayar 'yan bindiga. Ka yi fenti rukuni-rukuni, kada ka ɓalle duka daga firam ɗin robar da suke zuwa manne a jiki a rana ɗaya. Lokacin hunturu fentin ruwa na bushewa a bakin buroshi kafin ka kai shi jikin soja, sai ka sa jiƙaƙƙen soso a murfin roba, ka shimfiɗa takardar gashin kek a kai, ka riƙa ɗiga fentin a nan. Ƙasan da za su tsaya a kai kuwa kada ka sayi komai, yashin bakin rafi da ka tankaɗe da rariya ya fi na kwalba kama da hamadar Bayuda.