Sayen ciyawar hunturu a hamadar tudu ta Oregon: wacce ta fi dacewa da garkenka?

A gundumar Harney, kudu maso gabashin jihar Oregon ta Amurka, makiyayi yana fara lissafin hunturu tun watan Yuli. Garin Burns, hedikwatar gundumar, yana kan tudu mai tsayin sama da mita 1,200, kuma ruwan da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 280 ba, wato bai ma kai na Damagaram ba. Wani kaso mai yawa daga cikinsa kuma dusar ƙanƙara ce. Da bazara shanu kan bazu cikin dajin gwamnatin tarayya, inda hukumar BLM mai kula da filayen gwamnati ke karɓar kuɗin kiwo a kan kowace saniya da ɗanta duk wata. Amma daga wajen Disamba zuwa Afrilu daji ba ya ciyar da kowa. Sai abin da aka tara.

Mutanen yankin sun koyi wannan da tsada. Hunturun 1889 zuwa 1890 ya kashe shanu ba adadi a jihar Nevada mai iyaka da Oregon, da maƙwabtanta, domin a lokacin ana sakin garke ne ya nemi abinci da kansa a cikin ƙanƙara. Tun daga nan yankan ciyawa da tara ta ya zama ƙashin bayan kowane gandun kiwo.

Kafin a je ga zaɓi, a fara sanin yawan abin da ake nema. Saniya mai nauyin kilo 550 tana cin kimanin kilo 13 na busasshiyar ciyawa a rana. Idan za a ciyar da ita kwana 130, aka haɗa da wadda za ta tattake ta ɓata, ana maganar kusan tan biyu ke nan, tan ɗin Amurka mai kilo 907. Mai shanu 300 sai ya tanadi wajen tan 600. Wannan shi ne kuɗi mafi girma da ke fita daga aljihunsa a shekara, don haka kuskuren dala ashirin a kan tan ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Ciyawar fadama

Ita ce ta gida, kuma da ita aka gina kiwon yankin. Idan ƙanƙarar dutsen Steens da tsaunukan arewa ta narke a watan Afrilu da Mayu, kogunan Silvies da Blitzen sukan cika, sai makiyaya su karkatar da ruwan ta ƙananan magudanai ya malale fadamu. Aikin ban ruwan nan na mutum ɗaya ne da shebur da takalmin roba, yana bin rafi yana datse nan yana buɗe can. Ciyawar da ke fitowa gauraye ce, irin da Allah Ya shuka, kuma sau ɗaya ake yanka ta a shekara, galibi a Yuli.

Sauƙin kuɗi shi ne babban abin da ke jan mai saye gare ta. Ba ta kumbura ciki, saniya na iya cin ta ta ƙoshi ba tare da fargaba ba, kuma narkewarta a tumbi na haifar da ɗumi, abin da dabba ke buƙata a daren da sanyi ya sauka ƙasa da sifili da digiri ashirin. Rauninta furotin, wato sinadarin gina jiki. Wadda aka yanka da wuri tana iya kaiwa kashi 9 ko 10 cikin ɗari, amma wadda aka bari ta tsufa a tsaye, saboda fadama ba ta bushe ba tarakta ta kasa shiga, takan faɗo zuwa kashi 5 ko 6. Saniya mai ƙaramin ciki tana buƙatar wajen kashi 7, idan haihuwa ta matso ta koma wajen 9, mai shayarwa kuma 10 zuwa 11. Idan furotin ya yi ƙasa da kashi 7, ƙwayoyin halittar da ke narka abinci a tumbi sukan yi sanyi, saniya ta rage ci, sai ka ga ciyawa jibge a gabanta ita kuwa tana ramewa. Wannan ne ya sa tambayar farko ga mai sayar da ciyawar fadama ita ce ranar da ya yanka.

Alfalfa

Wanda ya taɓa yin kiwo a ƙasar Hausa zai gane ta nan take, domin matsayinta a can shi ne matsayin harawa a wurinmu: dangin wake ce, ƙarfinta yana cikin ganye, kuma ba a zuba ta kamar kara. Furotin ɗinta kan kama daga kashi 15 zuwa sama da 20. Ana noma ta da injin ban ruwa mai zagayawa, wanda ke shayar da da'ira mai faɗin hekta hamsin daga rijiyar burtsatse. A wannan tudun sau biyu ko uku ake yanka ta a shekara, alhali a kwarin Imperial na Kalifoniya ana yi har sau takwas ko fiye. Sai dai sanyin dare na sa ta girma a hankali, ta yi ganye da laushi, shi ya sa alfalfar Christmas Valley da kwarin Klamath, a kudancin Oregon, ta yi suna.

Sunan nan ne kuma ya zame wa makiyayi matsala. Ba shi kaɗai yake nemanta ba. Gidajen madara na Idaho da Kalifoniya suna so, masu dawaki suna so, kamfanonin da ke matse ta a kwantena su kai Japan, Koriya ta Kudu, Sin da Saudiyya su ma suna so. Ma'aikatar noma ta Amurka ta kasa alfalfa aji biyar, daga Supreme mai furotin sama da kashi 22, sai Premium, Good, Fair, har zuwa Utility wadda ke ƙasa da kashi 16. Shawarata a nan a bayyane take: mai shanun nama ya bar wa masu madara ajin farko da na biyu. Saniyar da ba a tatsa ba ta da inda za ta kai furotin kashi 22, fitsari kawai za ta yi da shi, ga kuma haɗarin kumburin ciki idan ta ci da yunwa. Ajin Fair, ko yankan farko mai ɗan kauri, ko wadda ruwan sama ya ɗan taɓa bayan yanka launinta ya dushe, ta wadatar, kuma a nan ake samun rangwame na gaske. Koren launi idon mutum yake burgewa. Dami na iya yin fari fat daga waje saboda rana, ka buɗe cikinsa ka tarar da ganye shar.

Yadda ake amfani da ita ya fi komai muhimmanci. A ɗauki ciyawar fadama mai kashi 6, a ba saniya kilo 10, a ƙara mata kilo 3 na alfalfa mai kashi 18. Gaurayen ya kusa kashi 9, daidai buƙatar mai tsohon ciki. Binciken da aka yi a cibiyar nazarin noma da ke Burns ya nuna ba dole ne a ba da ƙarin furotin kullum ba, ana iya haɗa rabon kwana biyu ko uku a bayar lokaci guda, saboda jikin saniya na juya sinadarin ya sake amfani da shi. Ga mutumin da ke tuƙa mota nesa a cikin ƙanƙara don kai abinci, wannan sauƙi ne babba.

A yi lissafi kuma a kan kilon furotin. A misali, a ce alfalfa mai kashi 18 tana dala 220 tan, ciyawar fadama mai kashi 6 tana dala 150. A ta farko kilon furotin ya tashi dala 1.35, a ta biyu ya haura dala 2.70. Ke nan ta fadama ce mai arahar cika ciki, alfalfa kuma mai arahar gina jiki, kuma kowacce a saye ta don aikin da ta fi iyawa.

Ciyawar hatsi da sauran su

Akwai waɗanda ke shuka oat, sha'ir ko tiritikale su yanke tun ƙwaya tana madara. Tana tsakiya a kuɗi da inganci, shanu na son ta. Babban haɗarinta mai kisa ne: a shekarar fari, ko idan sanyi ya ƙona shuka, ko aka cika taki, sinadarin naitiret kan taru a kara. Yana hana jini ɗaukar iska, masu ciki su yi ɓari, wasu su faɗi matattu cikin sa'o'i. Kada a sauke ko dami ɗaya ba tare da takardar gwajin naitiret ba. A sha'ir kuma a nemi irin da ba shi da gashin zangarniya, domin gashin na soke dasashi ya yi ƙurji.

Ciyawar timoti ta masu dawaki ce da kasuwar Japan, tsadarta ta fi ƙarfin garken nama. Bambaron alkama kuwa ciko ne kawai, a shekarar da komai ya yi wuya.

Girman dami

Ƙaramin dami mai igiya biyu bai wuce kilo 20 zuwa 30 ba, mai igiya uku kan kai kilo 50 ko fiye. Mutum ɗaya na ɗaga shi, yana da amfani a rumfar haihuwa da wurin dawaki, amma shi ya fi tsada a kan tan, kuma babu bayan da zai jure ciyar da shanu ɗari uku da shi. Babban dami mai kusurwa huɗu, ƙafa uku da huɗu da takwas, yana kai kilo 550 zuwa 600. Shi ne sarkin kasuwa, domin yana zama daram a kan tirela, kuma a yankin da gari ke nesa da gari kuɗin mota na iya cinye duk arahar da aka samu. Dami mai zagaye ya fi jure zama a fili kuma ana iya warware shi a ƙasa kamar tabarma, amma ba ya lodi da kyau, don haka ya fi dacewa da wanda ya yanka a gonarsa ko ya saya a maƙwabta. Ko wanne ne, a saya da awon sikeli. Dami biyu masu girma ɗaya na iya bambanta da kilo ɗari.

Wasu tsofaffin gandaye ba sa ɗaure ciyawar fadama ma sam. Sukan yanka, su tattara ta tsibi-tsibi a bar ta a wurin, da kaka a riƙa buɗe wa shanu yanki-yanki. Babu hanyar da ta fi wannan araha, muddin ƙanƙara ba ta yi zurfi ta binne tsibin ba.

Abin da za a duba a gindin tari

A zura hannu cikin dami, a shinshina. Ƙamshin ciyawa mai kyau ba ya ɓuya, haka warin fumfuna. Idan ciki ya yi ruwan ƙasa yana ƙamshin taba, ta yi zafi bayan ɗauri, kuma wani ɓangare na furotin ɗinta ya ƙone ko da shanu za su ci da marmari. Laimar babban dami kada ta wuce kashi 15, ta ƙarami kada ta wuce 18 zuwa 20. Tarin da aka ɗaure da danshi na iya kamawa da wuta da kansa makonni bayan an jera shi, kuma idan ma'auni ya nuna zafin ciki ya doshi digiri 80 na Celsius, a kira masu kashe gobara kafin a taɓa shi. A duba 'ya'yan miyagun ciyayi, musamman wadda suke kira citgiras da medusahed, waɗanda suka mamaye dajin yankin suna ƙara masa gobara. Wanda ya sayo su a dami ya shuka su a gonarsa da kuɗinsa. Sannan a sa bututun ɗiban samfuri a dami kamar ashirin daga yanka ɗaya, a aika ɗakin gwaji. Kuɗin gwajin bai kai na babban dami ɗaya ba.

A noma ko a saya?

Mai tsohon haƙƙin ruwan kogi a fadama ba shi da abin tunani, ya yanka tasa ya sayi alfalfa kaɗan. Wanda ke tunanin haƙa rijiya ya kafa injin ban ruwa shi ne ya kamata ya dakata. Ruwan ƙasa a kwarin Harney yana ja da baya, rijiyoyin wasu gidaje sun ƙafe, kuma tun wajen 2016 hukumar ruwa ta jihar ta taƙaita ba da sabon izini. Alfalfa na shan ruwa sosai, ga kuɗin lantarki, ga injin yanka da na ɗauri da ke aiki makonni kaɗan a shekara su kwanta. Abin yana damuna ƙwarai in ga ruwan da maƙwabci zai sha yana tafiya ƙetare a cikin kwantena. Ga ƙaramin garke, saye ya fi. Sai dai mai saye yana hannun kasuwa: bayan farin 2021 farashin alfalfa a Amurka ya haura dala 250 tan a 2022, kuma makiyaya da yawa sun sayar da iyayen shanu don sun kasa ciyar da su. Maganin da aka sani shi ne saye tun ciyawa tana gona a watan Yuli ko Agusta, da ajiye rarar kashi ɗaya cikin huɗu a shekarar yalwa. A busasshiyar iskar nan, tarin da aka rufe da tamfol yana shekara biyu lafiya.

A jera tarin kuma bisa tsarin ci. Mafi rauni a gaba, don Disamba, lokacin da buƙatar saniya ba ta da yawa. Mafi kyau a ajiye wa Fabrairu da Maris, lokacin haihuwa, da karsanoni masu cikin fari waɗanda su kansu ba su gama girma ba. A watannin nan ranar makiyayi na farawa da fasa ƙanƙarar kwamin ruwa da gatari, sannan a loda dami a bayan mota, ɗaya na tuƙi a hankali ɗaya na yanke igiya yana tura ciyawa ƙasa, shanu na biye a layi. Da yawa sukan mayar da ciyarwar zuwa yamma idan haihuwa ta kusa, saboda an lura shanun da suka ci da dare sun fi haihuwa da rana, lokacin da ake iya ganin wadda ke naƙuda a taimaka mata kafin maraƙin ya daskare.