Fatar hawan dusar ƙanƙara: abin da na gani a hunturu biyu

Ranar da na gaya wa Baba a waya cewa na sayi fata a birnin Grenoble na Faransa, sai ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ta akuya ko ta tunkiya?" Mutum ne da ya tsufa a cinikin fatu da ƙiraga a Maradi, ba a ambatar fata a gabansa ya wuce bai tambayi asalinta ba. Na ce, "Baba, ta akuya ce, amma ba jar akuyarmu ba. Gashin kawai aka aske, akuyar tana nan da ranta." Ya ce to wannan ai ba fata ba ce, zane ne. Da gaskiyarsa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, siki wasu dogayen alluna ne sirara guda biyu da ake ɗaurawa a ƙafa a yi zamiya a kan dusar ƙanƙara. Yawancin mutane inji ne ke kai su saman dutse, su gangaro. Mu kuwa da ƙafa muke hawa, sikin na ɗaure. Ƙasansa santsi ne kamar sabulu, don haka ba ya hawa tudu sai an manna masa wani dogon ƙyalle mai gashi, shi ne fatar da nake magana. Gashin a kwance yake, duk ya fuskanci baya. Shafi bayan akuya daga wuya zuwa wutsiya, ka ji laushi. Juyo da hannun, ka ji yana tirjewa. Dabarar ke nan. In ka tura ƙafa gaba ya sulale, in nauyinka ya nemi komawa baya gashin ya miƙe ya cije. Faransawa har yau peaux de phoque suke cewa, saboda da can da fatar wata dabbar tekun ƙanƙara ake yin sa. Yanzu da zaren nailan ake saƙawa, ko da moher, wato gashin akuyar Angora mai asali daga Turkiyya, wadda Afirka ta Kudu ta fi kowa kiwonta don gashi, ko kuma a gauraya su biyun.

Ta farko da na mallaka ta gwanjo ce, nailan zalla, na saye ta a kasuwar tsofaffin kayan siki da ake ci gab da hunturu. Arha ce ta ja ni. Da ita na fara hawa Chamechaude, dutsen da ya fi kowanne tsawo a jerin Chartreuse, mita 2082, wanda kusan duk ɗan koyo a Grenoble kan fara da shi. Daga wata mashigar duwatsu mai suna Col de Porte ake tashi, a mita 1326. Wajen riƙo ba ni da abin cewa, ta kama kamar kaska, ko sau ɗaya ban zame baya ba. Amma ba ta sulalewa. Abokan tafiya suna tura ƙafa siki na ƙara musu taki kyauta, ni kuwa kowane taki sai na biya shi da cinya, kamar mai tafiya a rairayi. Na isa wurin da ake ajiye siki a ƙarasa da ƙafa ina haki, na ɗauka ƙarfina ne bai kai ba.

Ba gashin ne ya raba ni da ita ba, gam ne. Wata rana a duwatsun Belledonne muka hau, muka cire fata muka gangara, muka zo sake mannawa don hawa na biyu. Tawa ta ƙi. Gam ɗin ya tsufa, sanyi ya busar da shi, garin dusa ya shiga tsakani. Ina takawa tana zamewa gefe kamar takalmin aro. Wani dattijo a ƙungiyarmu, wanda ya haura saba'in yana hawa, ya ciro tef daga jakarsa ya naɗe min ita a wuri uku, sannan ya ce daga yau in na cire fata in cusa ta cikin rigar sanyi a ƙirjina, zafin jiki ya riƙe gam ɗin. A ranar na gane cewa duk gardamar da ake yi a shaguna kan gashi ce, amma abin da ke hana mutum kwana a dutse shi ne gam.

Hunturu na biyu na cije na sayi sabuwa, Pomoca, ta wani kamfanin Suwizalan, samfurin Climb Pro S-Glide. Kashi 70 moher, kashi 30 nailan. Kuɗinta ya kusa Yuro 180, abin da ɗalibi ba ya fitarwa yana murmushi. Mai shagon ya so ya nuna min ta moher zalla, irin ta masu tsere: ba nauyi, ga sulɓi. Na ƙi, kuma ban yi nadama ba. Moher zalla ta fi saurin cinyewa, kuma tana son mai ƙafar da ta ƙware, wanda ya san yadda zai ɗora nauyinsa a dunduniya. Ɗan koyo in tudu ya yi tsaye sai ya sunkuya gaba don tsoro, nan take kuwa siki ya zame. Nailan ɗin nan kashi 30 shi ke rufa wa irina asiri.

Bambancin na ji shi tun mita ɗari na farko. A fili ko tudu mai sauƙi sikin na tafiya da kansa kaɗan bayan kowane taki. Ba wani abu ba ne a taki ɗaya, amma a hawan awa uku taki dubbai ne. Na koma Chamechaude da ita na isa da sauran numfashin yin hira. Tana naɗuwa ƙarama, ta shiga ƙirji ba ta tokare ba. Gam ɗinta kuwa, ranar da muka manna muka cire sau uku cikin iska mai yanka kunne, bai ba ni kunya ba. Sabuwarta ma ƙarfi ya yi mata yawa: in ka haɗa gam da gam, sai ka sa gwiwa kafin ka raba. Shi ya sa nake sa ragar da ake shimfiɗawa a tsakani in zan ajiye ta kwanaki.

Kuskuren da ya fi ci min rai nawa ne. Fata ba ta zuwa daidai da siki, da faɗinta take zuwa, kai za ka yanke. Ƙa'ida ita ce ta rufe ƙasan sikin duka, ta bar bakin ƙarfen nan na gefe da gefe a buɗe, kamar milimita 2, domin shi ke yanka ƙanƙara in kana ratsa gangare a kaikaice. Har da 'yar wuƙar da ke barin wannan tazara da kanta a cikin kwalin. Ni ɗan mai fata, na ga ai yanka ba baƙona ba ne. Ban daidaita ta a tsakiya ba, na ja wuƙa. Ƙafar hagu ta fito da gefe ɗaya a tsiraice fiye da kima. A dusa mai laushi ba a ji, amma da sassafe in ƙasa ta daskare, wannan ɗan santsin da na bari shi ke taɓa ƙasa, sai in ji ƙafar na neman guduwa. Yanzu a irin wurin nan ina saka haƙoran ƙarfen da ake maƙalawa ƙarƙashin takalmi tun kafin in shiga. Wanda zai saya, ya auna sikinsa a wurin da ya fi faɗi, kada ya yi rowar milimita goma, kuma in hannunsa na rawa ya bar mai shago ya yanke.

A watan Maris wata matsala ke fitowa da ba ruwanta da tsada ko arha. Ka bi ta rana fata ta jiƙe, ka shiga inuwar itatuwa inda dusa ke da sanyi, sai ta dunƙule a ƙasan siki kamar laka a ƙafar mai noma da damina. Ça botte, in ji Faransawa. Sabuwar fata tana zuwa da maganin hana shan ruwa, tawa ta yi hunturu guda ba ta yi min haka ba, amma maganin na wankewa. Ɗan dunƙulen kaki nake yawo da shi a aljihu, in goga bin kwanciyar gashi tun fatar na bushe. In ta riga ta jiƙe, aikin banza ne.

Akwai masu sabon irin gam, na kamfanonin Ostiriya kamar Contour da Kohla. Na ari ta wani aboki yini guda. Rabuwarta ba wuya, ana ma iya wanke gefen mannawar, sai dai tana son a goge ƙasan siki ya bushe sarai kafin a ɗora. Ga mai ƙananan hannuwa ko mai ƙin kokawa a cikin iska, abin dubawa ce. Ni dai na saba da tawa.

A gida ina rataye ta a bayan ƙofa ta bushe da kanta, nesa da na'urar ɗumama ɗaki, don zafi na narkar da gam ya bar shi a jikin siki. Kuma ba ta taɓa darduma. Sau ɗaya ta faɗi a kai, na kwana ina tsince zare da hantsaki.

Da na je gida hutu na tafi wa Baba da ragowar da na yanke. Ya shafa ta gaba, ya shafa ta baya, ya kai hanci, ya murza tsakanin yatsu. Ya ce gashin mai kyau ne, akuyar ta ci ta ƙoshi, amma an yi masa haɗi da roba. Ban gaya masa ba, shi ya gano. Sannan ya tambayi nawa na biya. Na juya masa kuɗin zuwa sefa, ya daɗe yana kallona, ya ce, "Akuya nawa ke nan da ransu?"