Ajin nazarin Bishara na daren Laraba a Zinder: abin da na samu cikin makonni shida

Na yi makonni shida ina halartar wani ajin nazarin Littafi Mai Tsarki da ake yi kowace Laraba bayan faɗuwar rana a wata majami'a da ke nan Zinder, kuma ina ganin ya kamata in sanar da ƴan'uwa abin da za su tarar idan sun yi niyyar shiga zagaye na gaba. Kuɗin shiga jaka biyu ne, na fotokofin takardu. Tambaya ɗaya aka sa a gaba tun daga farko har ƙarshe: idan marubutan Bishara huɗu, wato Matiyu, Markus, Luka da Yahaya, suka kawo labarai masu kama da juna, ta yaya mai karatu zai gane ko abu ɗaya ne ya faru, ko kuwa abubuwa ne dabam-dabam?

Faston da ke koyarwa ya fara da misalin da kowa ya gane. Idan mutum biyu suka dawo daga kasuwar Dole ranar Alhamis, bayaninsu zai bambanta ko da ciniki ɗaya suka shaida. Haka kuma Alhamis biyu dabam suna iya kama da juna har mai ji ya ɗauka rana ɗaya ce. Daga nan ya kai mu ga ciyar da mutum 5,000 da mutum 4,000, inda babu gardama, domin Markus da kansa ya kawo su duka a sura 6 da sura 8, kuma a Markus 8:19-20 Yesu ya tuna wa almajiransa gurasa biyar da kwanduna 12, sannan gurasa bakwai da kwanduna bakwai. Ma'aunin farko ke nan: a duba ko marubuci ɗaya ya ba da labarin sau biyu.

Inda ajin ya fi yi mini amfani shi ne daren da muka ɗauki labarin matar da ta shafa wa Yesu man ƙanshi. Na girma ina ɗauka mace ɗaya ce, kuma Maryamu Magadaliya ce, alhali babu ko ɗaya daga cikin wurare huɗun da aka ba da labarin a Bishara da ya ambaci sunanta. Fasto ya bayyana cewa wa'azin Paparoma Giregori na shekarar 591 ne ya ƙarfafa wannan haɗawa. Ya sa muka ja layi huɗu a allo, muka riƙa cikewa da kanmu. A Luka 7 gidan Saminu Bafarisiye ne, tun da sauran lokaci kafin tafiyar ƙarshe zuwa Urushalima, matar mai zunubi ce tana kuka, mai gida yana zargi a zuci, kuma maganar ta ƙare a kan gafara da misalin mutum biyu da ake bi bashin dinari 500 da 50. A Matiyu 26, Markus 14 da Yahaya 12 kuwa garin Betanya ne (a gidan Saminu kuturu, in ji Matiyu da Markus), dab da Idin Ƙetarewa na Yahudawa, ana gunaguni a kan asarar mai tsada wanda Markus da Yahaya suka kimanta da kimanin dinari 300, kuma Yesu ya amsa da zancen matalauta da jana'izarsa. Wata dattijuwa ta ce, "Fasto, ai duka Saminu ne mai gidan." Ya amsa mata da ladabi, "Inna, a cikin almajirai sha biyun nan ma akwai Saminu biyu, ga kuma Saminu Bakurane da ya ɗauki gicciye, saboda haka suna kaɗai ba ya yanke hukunci." Ya tsaya a kan cewa na Luka dabam ne, sauran ukun abu ɗaya ne, amma bai ɓoye mana wahalar da ta rage ba: Markus ya ce a kai aka zuba man, Yahaya ya ce a ƙafafu, kuma kwana biyu kafin idi na Markus da kwana shida na Yahaya ba ɗaya ba ne. Wannan gaskiyar tasa ce ta sa na amince da shi.

Ban gamsu ba da yadda aka bi da korar masu ciniki daga Haikali. Yahaya ya sa ta a sura 2, a farkon hidima, sauran ukun kuma a makon ƙarshe. Fasto ya ce sau biyu ne, ya wuce cikin ƴan mintoci, duk da cewa babu marubucin da ya kawo ta sau biyu, wato ma'aunin da shi kansa ya koya mana. Waɗanda ke ganin Yahaya ya matso da labarin gaba ne don ma'anarsa sun cancanci a ji hujjarsu sosai, kuma raina ya sosu da aka hana wani matashi ƙarasa tambayarsa don lokaci ya ƙure. Labarin makafin Yariko ma, inda Matiyu ya ce biyu ne, Markus ya ambaci Bartimawas kaɗai, an bar mana shi aikin gida ba a koma kansa ba.

Akwai kuma matsalar takardun. Jadawalin kwatanta ayoyin da Faransanci yake, ko da yake koyarwar da Hausa ake yin ta, don haka iyayenmu mata da ke karanta Hausa kaɗai sun dogara ga na kusa da su. A garin da aikin ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ya fara tun 1924, kuma Littafi Mai Tsarki cikakke yana nan da Hausa tun 1932, wannan abu ne mai sauƙin gyarawa.

Duk da haka ina ba da shawarar shiga, musamman ga malaman makarantar Lahadi da masu wa'azi. A zo da Littafi Mai Tsarki na Hausa, da littafin rubutu mai faɗi don jan layukan, da fitilar hannu saboda ɗaukewar wuta. Na riga na rubuta sunana don zagaye na biyu, wanda zai duba labaran tashin Yesu daga matattu, kuma na roƙi fasto ya ware dare guda cikakke ga batun Haikali.