Rumfar Hajiya, ga masu kwanan asibiti

Shekarata ta biyu ke nan ina neman ƙwarewa a ɓangaren yara, bayan na gama Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a nan Maradi. Duk wanda ya yi aikin kwana a watan Satumba ya san zancen: zazzaɓin cizon sauro ya cika gadaje, wannan yaro na jijjiga, wancan jininsa ya yi ƙasa sai an ƙara masa. Kafin ka tuna da cikinka ƙarfe 2 na dare ta yi.

Rumfar Hajiya da ke tsallaken titi ita kaɗai ke buɗe a lokacin. Dambunta da zogale na dala ɗari, wato sefa 500, yana riƙe ni har asuba. Ƙuli-ƙuli ya ji, ga albasa ɗanya, man gyaɗa kuma ba ta ƙwauronsa. Da ta hango farar riga sai ta ce, "Ɗana, zauna ka ci, marasa lafiya ba sa gudu."

Shinkafa da miya kam ban yaba ba, gishiri kan yi yawa, naman kuma sai ka tona. Yaron aikenta ma akwai nawa: ranar Talata sai da na gama zagayen safe kwanona ya iso, ya huce sarai.