Shekara guda da cire kontak daga Beetle ɗina: na'urar maganaɗisu ta biya, amma ban jefar da tsohon ba

Motata Volkswagen Beetle ce ƙirar 1972, injin 1600, irin wanda iska ke sanyaya shi, babu lagireto balle ruwa. Na ɗauki shekara uku ina tada ta daga kwance: walda a ƙasan bodi inda tsatsa ta cinye, sabon birki, sabon fenti, kujeru. Duk wannan na yi shi da daɗin rai. Abu ɗaya ne ya riƙa ɓata mini rai, kuma bai kai girman ɗan yatsa ba: kontak ɗin da ke cikin distiributa, wato na'urar da ke raba wa filogai wuta.

Ga wanda bai taɓa buɗe hular distiributa ba, kontak wasu 'yan ƙarafa biyu ne da ke haɗuwa suna rabuwa. Duk lokacin da suka rabu, kwayil ya saki wuta zuwa filogi. Tsarin tsoho ne ƙwarai, Charles Kettering ne ya fito da shi, tun wajen 1910 aka fara sa shi a motocin Cadillac a Amurka. Injin mai silinda huɗu idan yana juyi 3000 a minti, kontak na buɗewa sau 100 a daƙiƙa guda. To, abin da ke wannan aiki ba dare ba rana dole ya gaji. Ɗan robar da ke goga jikin sandar distiributa yana cinyewa, tazarar da aka saita a milimita 0.4 ta soma tsukewa, taimin, wato lokacin da wuta ke tashi a filogi, ya ja baya a hankali ba ka sani ba. Sai wata safiya ka ga mota tana tari kafin ta tashi, tana nauyi a hawa, injin yana zafi fiye da yadda ka san shi.

Bayan kowane 'yan watanni ina durƙushe a bayan mota, inda injin yake, da sukudireba da ma'aunin tazara. Da farko abin sha'awa ne. A karo na takwas ya zama aiki.

Shi ya sa na sayi na'urar nan ta lantarki da ke maye gurbin kontak. Abin da ke cikin kwalin kaɗan ne har sai da na yi zaton an manta wani abu: wani ɗan baƙin dunƙule mai waya biyu, ja da baƙa, da zobe na roba mai maganaɗisu huɗu a ciki, da ɗan siririn roba na auna tazara, da takarda guda. Zoben ana zura shi a kan sandar distiributa ƙarƙashin rota, ɗan abin da ke juyawa a cikin hula yana raba wutar. Duk maganaɗisun da ya gifta gaban dunƙulen, sai ya yanke wa kwayil wuta, daidai aikin kontak, amma babu abin da ke taɓa wani balle ya goge. Dabarar tana kan abin da Edwin Hall ya gano a 1879, cewa maganaɗisu na karkatar da wutar da ke bin jikin ƙarfe. Wato ilimin ya girmi motar da kusan shekara ɗari.

Ɗaurawar ba ta kai awa ɗaya ba. Na cire kontak da kwandensa, na goge farantin tas, na ɗaure dunƙulen a gurbin kontak da sukurunsa. Zoben ne ya ɗan ba ni wuya. Ya shiga rabi ya tsaya cak, na danna da babban yatsa ya ƙi, kuma na san idan na sa guduma na fasa shi. Sai na ɗora masa kan soket mai faɗi na danna da tafin hannu a hankali har na ji ya zauna. Idan bai zauna sosai ba, rota ma ba zai sauka gurbinsa ba, zai riƙa gogar hula. Jar waya ta tafi ƙafar kwayil mai lamba 15, baƙar ta tafi lamba 1. Nan ne wurin da ba a kuskure: aka juya su, na'urar ta ƙone nan take, ba ta ba ka damar tuba.

Takardar bayanin ita ce abin da zan fara kuka da shi. Rubutu ƙanana, hoto ɗaya dushi-dushi, kuma gargaɗin da ya fi kowane muhimmanci, cewa kwayil ɗin ya zama mai ƙarfin turjiya aƙalla om 3, an cusa shi can ƙasa kamar abin kunya. Da ban auna nawa ba da ban sani ba ko ya dace. Wayoyin kuma an yi musu rowar tsawo. Da ƙyar suka kai kwayil, sai da na ƙara guntu don in samu damar juya distiributa ba tare da na ja su ba.

Bayan ɗaurawa dole a sake taimin, wannan babu makawa. Na ɗumama injin, na sassauta notin da ke riƙe distiributa da sifana lamba 10, ɗana yana ja mini totur ni kuma ina haska fitilar taimin a kan fuli. Ina ce masa, "Ƙara kaɗan, yaro, riƙe nan, kuma janye hannun rigarka daga fanbel." Na tsayar da shi a digiri 30 kafin fistin ya kai ƙololuwa, lokacin da injin ke juyi sama da 3000, wanda ke tsakiyar 28 zuwa 32 da masu wannan injin suka saba tsayawa. Abin da ya fara burge ni a nan na gan shi. Da kontak, alamar da ke kan fuli rawa take yi a cikin hasken, tana gaba tana baya, saboda sandar distiributata ta ɗan yi lako-lako da tsufa. Da wannan na'urar alamar ta tsaya kamar an kafa ta da ƙusa.

Me ya canza a tuƙi? Tashi da safe ya gyaru, murɗa ɗaya ko biyu ta kama. Silo ya daidaita, injin ya daina wannan 'yar shessheƙar da yake yi a tsaye. Shekara guda ke nan, na sake haska fitila sau biyu don in gani da idona, taimin yana nan inda na bar shi ko gezau. Wannan kaɗai ya isa in ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Abin da bai canza ba shi ne ƙarfi. A jikin kwalin an yi alkawarin ƙarin gudu da ragin shan mai. Ni dai ban gani ba. Motar tana tafiya ne kamar ranar da na saita kontak sabo fil, bambancin kawai yanzu kullum ranar ce. Haka nan ɗan shaƙewar da take yi idan na taka totur daga tsaye bai tafi ba, don ashe ba daga wuta yake ba, daga kafireta ne, Solex 34 PICT-3, famfonta na fesa mai ya toshe. Na ɓata mako biyu ina zargin na'urar a banza.

Sai ranar da ta ƙone, kuma laifina ne. Ina gyaran rediyo a gareji, na murɗa makulli na bar shi a kunne injin ba ya aiki, na shagala wajen neman wata waya fiye da rabin awa. Da na gama na murɗa, injin yana juyawa amma babu wuta ko ƙyas. Na taɓa kwayil, zafi kamar an ciro shi daga murhu. Na buɗe hular distiributa, wari ya gaya mini sauran labarin. Takardar ta faɗi wannan ma, a layin da ke ƙarƙashin wancan da na ce an ɓoye.

Na kira wani dattijon bakanike da ya koya mini yawancin abin da na sani a kan wannan injin. Na ce, "Baba, abin nan naka da ka ce kada in saya ya ce ga garinku nan." Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ɗana, kontak idan zai mutu sai ya yi maka sallama wata guda kafin nan. Wannan kuwa ba ya sallama." Gaskiyarsa. Kontak ko a gefen hanya ya ba ka matsala, ka goge shi da 'yar takardar yashi, ka buɗa tazarar da ido, ka isa gida. Wannan dunƙulen a rufe yake ruf, babu abin da za ka gyara a cikinsa.

Duk da haka na sake sayen wani, irinsa sak, na ɗaura. Baba bai ji daɗi ba. Akwai kuma masu cewa tsohuwar mota a bar ta yadda aka ƙera ta, kuma ina jin maganarsu. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne komai yana ɓoye cikin hula, waya ɗaya ce kawai ta ƙaru a waje, kuma ba a huda ko yanke komai ba. A cikin minti ashirin zan iya mayar da motar yadda ta fito.

Wanda ke hawa motarsa a kai a kai, ko wanda sandar distiributarsa ta soma wasa, zan ce ya saya, amma ya auna kwayil tukuna kuma ya mallaki fitilar taimin. Wanda motarsa ke fita sau biyar a shekara, kontak ɗaya zai kai shi shekaru, ban ga dalilin canzawa ba.

Tsohon kontak da kwandensa da sukurunsu suna cikin wata 'yar leda a aljihun gaban motar, tare da sukudireba da ma'aunin 0.4. Na kuma ɗaura jan ƙyalle a jikin makullin, don in riƙa ganinsa idan na bar shi a kunne.