Nikon D3100 ta hannu: ta dace da yaro mai koyon ɗaukar hoto?

Yaron da ya kai shekara 10 zuwa 15, ya dami gida da maganar koyon hoto, kyamarar da za ta koya masa aikin ita ce wadda za ta bar shi ya sarrafa haske da hannunsa. Ƙananan kyamarorin roba masu launi-launi da ake tallatawa da sunan na yara ba sa yin wannan. Za ka ga an rubuta megafiksel 40 ko 48 a kwali, amma abin da ke ciki bai kai na tsohuwar waya ba, kuma babu abin da yaro zai juya sai maɓalli ɗaya. Instax Mini ta Fujifilm tana da daɗin sha'ani don hoto na fitowa nan take, sai dai fakitin takardarta guda 10 ne kacal, kuma mai koyo yakan ɓata hoto 50 kafin ya sami ɗaya na kirki. A lissafa kuɗin.

Shi ya sa masu sana'a da yawa ke tura iyaye wajen tsofaffin kyamarori na hannu, kuma a cikinsu Nikon D3100 na daga cikin masu sauƙin kuɗi da sauƙin samu. Ta fito a 2010, an daɗe da daina ƙera ta, don haka duk wanda ya ce maka sabuwa ce dal a leda, ka ƙara buɗe ido.

Megafiksel ɗinta 14.2 ne. Lambar ta yi ƙasa idan aka kwatanta da abin da wayoyi ke iƙirari, amma ba lambar ce ke aiki ba. Sensa, wato farantin da haske ke sauka a kansa a cikin kyamara, girmansa milimita 23.1 da 15.4 ne, ya ninka na yawancin wayoyi sau da dama. Wannan girman ne ke sa fuska ta fito tar, bayanta ya yi dishi-dishi ba tare da dabarar manhaja ba. Tana ɗaukar hoto 3 a daƙiƙa, tana da wuraren saiti 11, wato inda take daidaita hoto ya fito tar, saurin labulenta, wanda ke buɗewa haske ya shiga ya sake rufewa, daga daƙiƙa 30 har zuwa 1/4000 na daƙiƙa. Da batir da kati nauyinta giram 505 ne, idan aka ɗaura mata idonta na asali, wato gilashin gaba da masu sana'a ke kira lens, 18-55mm VR, sai a ƙara giram 265. Duka-duka kamar ledar fiya wata ɗaya da rabi ke nan a rataye a wuya. Ɗan shekara 11 zai ɗauka ba damuwa. Ɗan shekara 6 ko 7 kuwa zai gaji, daga gajiya sai yarwa, gara a bar masa tsohuwar waya tukuna.

Babban abin da ya sa ta dace da mai koyo yana kan faifan da ke juyawa a samanta. Akwai wuri da aka rubuta GUIDE. Idan an juya can, kyamarar tana tambayar mai ɗauka abin da yake so, ya dusashe bayan mutum ne ko ya tsayar da abu mai gudu, sannan ta nuna masa lambar da zai canza da abin da canjin zai haifar. Babu Hausa a cikin harsunanta, amma akwai Ingilishi da Faransanci, don haka ɗan makaranta a Zariya ko a Maraɗi zai iya bi. Bayan mako biyu ko uku a raba shi da GUIDE, a mayar da shi kan A. A nan shi ke zaɓar faɗin ƙofar haske, wato lambar f, kyamara ta zaɓi saurin labule. Ya ɗauki ƙanwarsa a f/5.6 da idon a kan 55mm, ya sake ɗauka a f/16 daga wuri ɗaya, ya kwatanta bangon da ke bayanta. Daga nan sai S, inda shi ke zaɓar sauri: 1/500 zai tsayar da yara masu ƙwallo cak, 1/30 zai mayar da ƙafafunsu kamar hayaƙi. M ce ta ƙarshe, inda shi ke zaɓar komai har da ISO, wato ƙarfin jin haske na sensa, kuma akwai tsohuwar ƙa'ida da ke sauƙaƙa ta: a tsakar rana mai ƙarfi, ISO 100, f/16, 1/125, hoto zai fito daidai ko kusa da daidai.

A nan ne ƙarancin maɓallanta ke fara ciwo. Gargaren juyawa ɗaya ne tak, a ƙarƙashin babban yatsa. A kan M, shi ke canza saurin labule, amma kafin ya canza ƙofar haske sai an danne ɗan maɓallin +/- da ke kusa da na ɗauka ana juyawa. Yara sukan manta, su yi ta juyi suna mamakin me ya sa lambar f ba ta motsi. Babu kuma maɓallin ISO na musamman. Maganinsa a shiga saiti tun ranar farko a ɗora ISO a kan maɓallin Fn da ke gefen hagu kusa da ido.

Maganar ido ita ce inda mutane suka fi asarar kuɗi. D3100 ba ta da injin saiti a jikinta, dole injin ya kasance a cikin idon. Saboda haka a nemi wanda aka rubuta AF-S a jikinsa. Tsohon 50mm f/1.8D, wanda ke da arha kuma ake yawan cusa wa masu saye, zai ɗauru lafiya amma ba zai saita kansa ba, sai dai yaro ya riƙa juyawa da hannu. Sabbin idanu masu AF-P sun fi wannan muni: suna shiga daram, suna kama da na asali, amma D3100 ba ta iya saita su, ko da hannu ba sa yi, domin zoben saitinsu da wuta yake aiki. Akwai 18-55mm na AF-S, akwai 18-55mm na AF-P, bambancin harafi ɗaya ne. Duk wanda zai biya kuɗi ya karanta rubutun da kansa.

Shi 18-55mm AF-S ɗin ya wadatar ga shekarar farko. A 18mm yana ɗaukar tsakar gida ko filin idi, a 55mm yana ɗaukar fuska. Rauninsa biyu. Gindinsa da ke shiga kyamara na roba ne, faɗuwa ɗaya daga kan tebur kan karya haƙoransa. Na biyu, ba ya son duhu: a cikin ɗaki da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki ɗaya, sai an kai ISO 1600, kuma a 3200 hoto kan cika da tsakuwa-tsakuwa. In yaro ya nuna da gaske yake, kyautar shekara ta biyu ita ce AF-S 35mm f/1.8G DX, wanda ke shigar da haske ninki bakwai zuwa takwas na abin da na asali ke shigarwa a 35mm. Bakinsu duka biyun 52mm ne, murfi ɗaya zai yi musu.

Sai dubawa kafin saye, wanda ya fi komai muhimmanci tunda kayan hannu ne. Kyamara biyu masu suna ɗaya na iya bambanta kamar dare da rana: ɗaya ta kwana a durowa shekara goma, ɗaya ta yi yawon bukukuwa da walimar sauka har robar riƙonta ta saɓule. Ka je da katinka na memori da wayarka.

Fara da ƙidayar labule. Kamar mitar tafiyar mota ce. Nikon ta gwada labulen wannan kyamara zuwa ɗauka 100,000, kuma kyamarar na rubuta adadin da ta yi a cikin bayanan kowane hoto. Ka ɗauki hoto ɗaya, ka zare katin, ka ɗora hoton yadda yake a ɗaya daga shafukan intanet masu karanta wannan ƙidaya. Kada a turo maka shi ta WhatsApp a matsayin hoto, domin yana goge bayanan. Ƙasa da 30,000 abu ne mai kyau. Daga 70,000 zuwa sama sai in farashin ya faɗi sosai. Ka kuma danne maɓallin ɗauka a jere sau 20 ko 30 kana sauraro. In allon ya taɓa rubuta Error yana cewa a sake danna maɓallin, ko da sau ɗaya ne, ka ajiye ta. Alama ce ta labule ko madubin cikinta ya fara gajiya, gyaransa kuma kan kusa cinye kuɗin kyamarar.

Bayan haka ƙura. Juya zuwa A, kai lambar f/22, ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka zuƙo hoton a allo kana zagayawa. Ɗigo biyu ko uku baƙaƙe ba komai ba ne, ana gogewa. Dogon layi da ba ya gushewa kuwa ƙarzuwa ce, wani ya taɓa goge sensa da abin da bai dace ba, kuma wannan ba shi da magani mai arha. Cire idon, ka haska fitilar waya ta bayansa kana kallo ta gaba. 'Yar ƙura a ciki ba ta lalata hoto. Abin gudu shi ne zare-zare kamar yanar gizo-gizo, wato fumfuna, wadda ke yawa a kayan da suka zauna a wuri mai laima kamar Legas ko Fatakwal, kuma tana ci gaba da yaɗuwa. Ka gwada saiti a kan abu na kusa da na nesa, a 18mm da 55mm. Ka ɗaga filashi ka ga ya tashi ya haska. Ka duba murfin batir da na kati, ƙananan robobi ne masu saurin karyewa.

Akwai abubuwa uku da ke sa a zaci kyamara ta lalace alhali lafiyarta ƙalau, kuma yaro zai gamu da dukansu. In ta ƙi saiti, a duba ɗan makunnin A/M a jikin ido, wataƙila ya zame zuwa M. In komai ya yi hazo-hazo a tagar leƙe amma hoton na fita tar, an taɓa ɗan gargaren da ke gefen tagar ne, wanda ake daidaita ta da ƙarfin ganin mutum. In ta ƙi ajiye hoto, ɗan makullin gefen katin ne ya sauka.

Batirinta EN-EL14 ne, cajarsa MH-24. Sabo yana kai hoto 550 a ma'aunin kamfani, yana cika cikin kamar awa ɗaya da rabi. Wanda ya zo da kyamarar hannu ba zai kai haka ba, kuma da yanayin wutarmu batir na biyu dole ne. Sai dai a gwada shi a cikin kyamarar kafin a biya, domin D3100 takan ƙi wasu batiran da ba na asali ba, ta rubuta a allo cewa ba za a iya amfani da su ba. Ba a yi mata caji ta igiyar USB, amma akwai ƙananan caja na wannan batir masu aiki da USB, waɗanda za a iya jona wa fawa bank. Katin 16GB ya isa, yana ɗaukar hoto sama da 1,500 a mafi kyawun JPEG.

Ba ta da Wi-Fi ko Bluetooth, abin da zai fara ɓata wa ɗan zamani rai ke nan. Ƙaramin abin karanta katin SD mai shiga gindin wayar Android yana warware matsalar cikin minti ɗaya. Allonta na inci 3 ma tsohon yayi ne, ɗigo 230,000 kawai, a rana da ƙyar ake gani, kuma yana ɓoye kuskure: hoto zai yi kyau a kai, a kwamfuta a ga ya girgiza. A koya wa yaro danna maɓallin zuƙowa ya duba idon mutum kafin ya tashi daga wurin. Bidiyo tana yi, 1080p, amma minti 10 ne iyakar kowane yanki, babu ramin makirufo, saitinta a bidiyo kuma yana jan ƙafa. Wanda burinsa TikTok ne, wayarsa ta fi masa.

Yanayinmu na buƙatar ƙa'idoji kaɗan da ba a sassautawa. Kamfanin ya ce ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 40, zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri kuwa kan wuce haka, balle cikin motar da aka rufe a rana. A lokacin hunturu kada a cire ido a waje. In ya zama dole, a kashe kyamara, a juya bakinta ƙasa, a canza da sauri. Ba a hura mata iska da baki, ba a goge gilashi da gefen riga, domin ƙurar hazo yashi ce, tana ƙarzawa. Famfon iska na roba da ɗan ƙyalle mai laushi irin na tabarau sun isa. Da damina a jefa 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi a jakarta. Igiyar wuya kuma a wuya take zama, ba a hannu ba. A kuma gaya wa yaro tun farko ya nemi izini kafin ya ɗauki mutum, kada ya kuskura ya nuna ta wajen shingen jami'an tsaro.

Farashi yana bin dala, don haka a tambayi wuri uku kafin a yanke, a kuma tabbata kuɗin ya haɗa da ido, batir, caja da murfi, don wasu jikin kawai suke yi wa kuɗi. In an sami D3200 ta 2012 da ɗan ƙari kaɗan, a ɗauke ta: megafiksel 24.2, allo mafi kyau, ramin makirufo, batir iri ɗaya, amma sharaɗin AF-S na nan. A ɓangaren Canon, 1100D ta 2011 ita ce tsararta, megafiksel 12.2, bidiyonta 720p, kuma ba ta da tarkon ido irin na Nikon, domin duk idon EF ko EF-S mai saita kansa yana ɗauke da injinsa. In akwai kawu ko maƙwabci mai Canon da zai riƙa ara wa yaron ido yana duba masa hotuna, a sayi Canon ɗin.