Gargaɗin ambaliya: yana zuwa, amma bai san unguwarmu ba

Ina sayar da hatsi a Tudun Wadan Zariya, gidana kuma ba nisa da rafin Kubanni, don haka sanarwar ambaliya ba labarin wasu ba ne a wurina. Duk shekara kafin damina hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen yanayi, hukumar sa ido kan ruwan koguna, NIHSA, kuma ta lissafa jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Wannan kam na yaba. Tun ambaliyar 2022 da ta ci rayuka sama da 600 a Najeriya nake kasa kunne, kuma bara da na ji a rediyo an ce Agusta za ta yi nauyi, na ɗora buhunan masara kan katako. Ruwa ya shigo shago har idon sawu, ko tiya ban rasa ba.

Inda take ƙasa tana dabo shi ne saƙon da ke iso mu ta waya. Rabinsa Turanci ne, kuma sai ya ce "sassan Kaduna". Wane sashe? Mai gona a fadamar Galma da mai shago a Samaru ba ruwa ɗaya ke cin su ba. A ce maka ka koma tudu, ba a ce ga makaranta ko masallacin da za ka kwana ba.

Mu ma da namu. Na ce wa maƙwabcina, "Alhaji, mu yashe kwatar nan." Ya ce, "Malam, ai Allah ne ke tsarewa." Ledar fiyawata ce ta toshe ta har baki.

A ba mai unguwa da limamai saƙon da Hausa, da sunan unguwa. Su ake ji.